Na sayo wa Hajiya jakuzi, yaron wayarin ya ce daga soket ɗin AC zai ja masa wuta

Ɗan Tudun Jos:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin aikin lantarki ku matso kusa, akwai abin da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya.

A Jos nake zaune, mahaifiyata tana wurina tun bayan rasuwar Baba. Ta haura saba'in, ciwon gwiwa da na ƙugu sun sa ta gaba, kuma daga Nuwamba zuwa Janairu abin ya fi tsanani. Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin hunturu ba, ba zai gane ba: da asuba ruwan buta kamar reza yake a fatar hannu. Kullum sai an dafa mata ruwa tukunya biyu, a juye a babban baho, ta zauna ta gasa ƙafafu. Kafin ta gama tasbihi ɗari ruwan ya huce, a sake ɗora wani.

To, wani baƙo da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu ya sa kayan gidansa a kasuwa. Firiza na je saye, na dawo da jakuzi, wato babban bahon ruwan zafi mai inji, irin na tsakar gida, mai ɗaukar mutum huɗu, da murfinsa. Uwargida har yanzu ba ta daina yi mini dariya ba. Ƙarti takwas ne suka sauke shi daga a-kori-kura. Mun yi masa daɓen siminti a bayan ɗakin Hajiya, mun ƙara wa katanga bulo uku saboda sutura, mun kafa rumfar kwano. Saura wuta kawai.

A jikin ƙofar injinsa akwai ɗan farantin ƙarfe, an rubuta 230V, 50Hz, 32A. A ciki na ga hita mai kilowat 3, babban famfo mai kilowat 2.2, wani ƙaramin famfo mai juya ruwa, injin hura iska, da fitilu. Daga akwatin rarraba wutar gidan zuwa wurin na auna da tef, mita 22 ne idan aka bi gefen katanga.

Na kira yaron da ke yi mana 'yan gyare-gyare. Yaron kirki ne, shi ya sa mana fankoki, bai taɓa cutata ba. Ya zagaya abin sau ɗaya ya ce, "Oga wannan ai ƙaramin aiki ne." Wai zai huda bangon ɗakin Hajiya, ya ja waya mai lambar kauri 2.5 daga soket ɗin AC, tunda ga shi nan kusa, ya zura ta a fayif ɗin roba. Na ce birekar layin fa, mai amfiya 20 ce. Ya ce zai cire ta ya sa mai 32 don kada ta riƙa faɗuwa. Na tambaye shi wayar ƙasa, wadda suke cewa atin. Ya ƙwanƙwasa jikin jakuzin da ɗan yatsa ya ce, "Roba ce fa Oga, wuta ba ta bin roba."

Har na kusa cewa ya je ya sayo kaya. Abin da ya tsayar da ni shi ne guntun wayar da mai shi na farko ya yanke ya bari a jikin injin. Baƙa ce, kaurinta ya kai babban ɗan yatsana, da na duba bakin yankan sai na ga wayoyi uku a tsakiya, an kewaye su da siraran ƙarafa kamar sulke. Na ɗauko samfurin da yaron ya zo da shi na kara su. Wallahi kamar a jera rake da taliya. Na ce a raina, wanda ya fara haɗa wannan abu ba don yana da kuɗin zubarwa ya sa wannan waya ba.

Ni ɗan kasuwa ne, taki da maganin feshi nake sayarwa, iyakar sanina da lantarki in canja ƙwan fitila. Amma na san uwata ce za ta shiga ruwan nan har wuya. Shin maganar yaron tana kan hanya, ni ne mai tsoro? In ba ta kan hanya, wace waya zan saya, wace bireka, kuma me zan ce a yi mini in tsaya a kai har a gama? Mitarmu mai fes uku ce, muna da janareta da inbata.

Tsohon Mai Wayarin:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Na yi shekara talatin da wani abu ina wannan aiki a Kaduna. Kada ka bari yaron nan ya taɓa bangon.

Mu fara da lissafi, ba shi da wuya. Ka raba wat da bolt, ya ba ka amfiya. Hita kaɗai, 3,000 a raba da 230, amfiya 13 ke nan. Babban famfo zai ja kusan 10, kuma lokacin da yake tashi yana fizgar ninkin haka na ɗan lokaci. Ka ƙara ƙananan, kana wajen 27. Shi ya sa suka rubuta maka 32. Waya mai 2.5 a cikin fayif a cikin bango, wajen amfiya 20 ne ƙarfinta. Birekar nan mai 20 da yake son cirewa ita ce mai gadin wayar. In ya sa mai 32, ya kori mai gadi ya bar ƙofa a buɗe. Wayar za ta riƙa zafi a cikin bango, robarta ta bushe ta tsattsage, a bangon da Hajiya take jingina gadonta.

Abin da za a yi shi ne layi na kansa, daga akwatin rarrabawa kai-tsaye zuwa jakuzin, babu soket ko fitila ko ɗaya a kansa. Wayar da ka gani ita muke kira amod, mai sulke, kuma ita ce ta dace da binnewa a ƙasa. Mai 6, mai ciki uku, za ta ɗauki 32 a tsawon mita 22, abin da za ka rasa a hanya bolt 5 ne da ɗan kai. Amma tunda sau da yawa wuta kan zo mana a raunane, ni da gidana ne mai 10 zan sa, asarar ta dawo wajen bolt 3. A haƙa rami kamar rabin mita, a shimfiɗa yashi, a kwantar da ita, a rufe, a ɗora tef ɗin gargaɗi a sama kafin a ƙarasa cikewa, don wanda zai zo da diga shekara biyar nan gaba. In za ka saya, ka sa a fere maka bakinta, ka kankare da wuƙa. Jan ƙarfe na gaskiya ja ne har ciki. In ka ga fari ya fito, alminiyon ne aka yi wa wanka, ka ajiye musu kayansu.

Yanzu ga wadda ta fi duk waɗannan, ka karanta ta sau biyu. Bireka ba ta san mutum ba. Aikinta ta kare waya daga gobara, sai wuta ta wuce amfiya 32 take motsi. Shi kuwa ɗan Adam, kashi ɗaya cikin dubu na amfiya, wato miliamfiya ɗaya, yake fara jin tsikari. A wajen miliamfiya 10 hannu yakan ƙanƙame, ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 30 zuwa sama, in ta bi ta ƙirji, zuciya na iya rikicewa. Jiƙaƙƙen jiki kuwa turjiyarsa ga wuta, wadda ake aunawa da om, kusan 1,000 ce ko ƙasa da haka, wato wutar gida za ta tura masa miliamfiya 200 da wani abu. Wannan ya isa kisa, alhali a wurin bireka mai 32 ko ƙuda bai sauka ba.

Abin da ke ganin wannan shi ne RCD, wanda a kasuwa za ka ji ana ce masa ELCB. Kamar makiyayi yake: yana ƙirga wutar da ta fita ta laif, yana ƙirga wadda ta dawo ta nutural. In garke ya fita ɗari ya dawo casa'in da tara, ya san ɗaya ta bi wata hanya, ko ta ruwa ko ta jikin mutum, sai ya yanke duka cikin ƙasa da sulusin sakan. Ka duba fuskarsa da idonka, dole ka ga 30mA ko 0.03A. Akwai masu 100 da masu 300, kamanninsu ɗaya, mai shago zai ce maka duk ɗaya ne ko ma ya ce mai 300 ya fi ƙarfi. Waɗancan na tsare gini ne daga gobara, ba na tsare rai ba.

Maganar roba kuwa, ka tambayi yaron: hitar roba ce? Ƙarfe ne a cikin bututun ƙarfe, ruwan da Hajiya za ta zauna a ciki ta kansa yake wucewa. Ran da hitar ta tsage, kuma duk hita tana da ranarta, wuta ta shiga ruwa ke nan. In akwai wayar ƙasa mai kyau, wutar za ta bi ta can, RCD ya faɗi tun babu kowa a ciki. In babu, za ta zauna shiru tana jira, sai lokacin da mutum ya sa ƙafa ɗaya a ruwa ɗaya a kan jiƙaƙƙen siminti.

Sai makashi na kusa, irin mai murɗawa wanda ruwa ba ya shiga, a kafa a bango inda ana ganinsa daga jakuzin amma wanda ke cikin ruwa ba zai iya miƙa hannu ya taɓa ba. Ka ba shi mita biyu. Kada a bar soket a wurin, kada wani ya jawo wayar ƙari don cajin waya ko rediyo.

Kafin komai, je ka buɗe akwatin gidanka, ka kashe babban makashi tukuna, kada ka taɓa komai a ciki, ka faɗa mini inda koriyar waya, wato wayar ƙasa, ta nufa. Ka faɗa mini girman janaretan kuma.

Na Bakin Kasuwa:

Mu da muke wanka da bokiti da kofin roba mun shigo kallo ne kawai. Amma Alhaji ka yi lissafin yunit kuwa? In abin nan yana cin lita 1,000, kuma ruwan tankinku yana digiri 18 da safe, kafin ya kai 38 sai ya sha yunit 23 da ɗoriya. Hita mai kilowat 3 kuwa sai ta yi kusan awa takwas tana aiki ba tsayawa kafin ta kai shi can. Ka ninka da kuɗin yunit na layinku ka gani. Kada ka yar da murfin nan, shi ne rabin dukiyar, in ka bar shi a buɗe iskar Jos za ta shanye kuɗinka cikin dare ɗaya. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka.

Maman 'Yan Biyu:

Yayana, ka ji maganar Baba mai wayarin. Ni ban san amfiya ba, amma na san abin da ya same ni.

Gidan haya muke a Zariya lokacin, akwai hitar bango a banɗaki. Wata biyu ina jin famfon yana ɗan tsikarina in na taɓa da jiƙaƙƙen hannu, kamar cizon ƙaramar tururuwa. Na gaya wa maigida, ya taɓa ya ce shi bai ji komai ba. Ashe shi da silifas ɗin roba yake shiga, ni kuwa ƙafa a ƙasa. Muka mai da abin wasa, har yana cewa jinina ne ya yi yawa.

Ranar da abin ya faru ina yi wa Hassana wanka a baho, na miƙa hannu in ƙara ruwan zafi. Hannuna ya manne a kan famfon. Ina so in yi ihu, muƙamuƙina ya ƙi buɗewa, ina kallon yarinya tana wasa da kumfa. Santsin tayil ne ya cece ni, ƙafata ta zame na faɗi, nauyina ya fizge hannun. Kwana uku kafaɗata tana ciwo kamar an doke ni da taɓarya. Da aka kira mai gyara ya kwance hitar, ya nuna mana wurin da ta tsage, ya kuma nuna mana koriyar wayar a naɗe a bayanta da baƙin tef, ba a taɓa ɗaura ta a ko'ina ba. Bireka kuwa tana nan tsaye abinta, ko gezau.

Ni ina tsaye ne, na samu inda zan faɗi. Tsohuwa da ke zaune cikin ruwa, gwiwa ba ƙarfi, ina za ta faɗa? Kuma ka gaya wa duk 'yan gidanka, ko yaya aka ji tsikari a ruwan, a fito, a kashe, kada a ce bari a gani.

Ɗan Tudun Jos:

Innalillahi. Maman 'Yan Biyu, sannu, Allah ya ƙara karewa. Na karanta wa uwargida, dariyar ta tsaya.

Baba, na buɗe akwatin kamar yadda ka ce, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Babu RCD ko ɗaya a gidan, bireka ce zalla guda goma sha biyu. Korayen wayoyin duk sun taru a kan wani ɗan ƙarfe, daga nan wata guda ta fita ta bi bango ta shiga ƙasa a bayan kicin. Na sa yaro ya tona wurin. Abin da muka tarar guntun rodi ne irin na gini, bai kai kamu uku ba, ya yi tsatsa, wayar ma naɗa ta aka yi a jikinsa, da na ja ta da hannu sai ta zare. Shekara tara muna kwana a kan wannan. Sannan a cikin akwatin na ga wata 'yar gajeriyar waya ta haɗa ƙarfen korayen da na baƙaƙen, wato na nutural. Wannan daidai ne?

Janareta na fetur ne, an rubuta 6.5kVA. Inbata 3.5kVA da batura huɗu. Makashin canji, mai sauya gidan daga wutar layi zuwa janareta, na hannu ne. Niyyata dā in an ɗauke wuta Hajiya tana ciki, a tayar da inji ta ci gaba.

Yaron ya dawo da yamma, na nuna masa abin da kuka rubuta. Bai yi musu ba, ya ce shi dai haka ya ga ubangidansa yana yi, kuma RCD fitina ne, faɗuwa yake yi ba dalili, masu gida su yi ta kiran mutum cikin dare.

Baƙon Leeds:

Salam. Ina Ingila, na sa irin wannan a bayan gidana shekara uku da suka wuce, bari in faɗi yadda aka yi mini, tunda tsarin wayarin Najeriya daga nan aka gado shi, har filogi mai baki uku.

A nan doka ba ta bar ka ka ja sabon layi ka yi shiru ba. Tun 2005 akwai sashen dokar gini da ake kira Part P: ko dai mai rajista ya yi aikin ya ba ka takarda, ko ka sanar da ƙaramar hukuma a zo a duba. Littafin ƙa'idar shi ne BS 7671, bugu na 18 ya fito a 2018. Abin da Baba ya lissafa shi aka yi mini, layi na kansa, waya mai sulke, 30mA, makashi mita biyu daga ruwa. Abu ɗaya zan ƙara: ka nemi RCD nau'in A maimakon nau'in AC, domin waɗannan injuna suna da allon kwamfuta a ciki, kuma irin yoyon da suke yi nau'in A ya fi ganinsa. Za ka ga alamar a fuskarsa, layi mai lanƙwasa da wasu 'yan tuddai a ƙarƙashi.

'Yar gajeriyar wayar da ka gani ta tuna mini doguwar muhawarar da na yi da mai aikina. A gidaje da yawa a nan, kamfanin wuta ne ke ba ka ƙasa ta jikin nutural ɗinsa. Lafiya lau ne har ranar da nutural ya tsinke a titi. A ranar duk ƙarfen da ke ɗaure da wayar ƙasa zai iya ɗaukar wuta, kuma RCD ba zai gani ba, domin ta wayar ƙasan ta shigo. A cikin ɗaki da takalmi a kan kafet da sauƙi. A waje, jiƙe, ƙafa a ƙasa, wani labari ne. Shi ya sa ya raba jakuzina da ƙasan gidan, ya kafa masa sandarsa ta kansa.

Ka yi sa'a ma farantinka ya ce 50Hz, daidai da wutar Najeriya. Wani abokina ya yi jigilar na Amurka zuwa gida, ashe nasu 60Hz ne, kuma 240 ɗinsu laif biyu ne masu 120 kowanne, wani tsari ne daban. Yana nan a ajiye, yara na ɓuya a ciki.

Ban san yadda ake yi da janareta ba, mu nan ba mu da wannan, na bar wa Baba.

Tsohon Mai Wayarin:

Baƙon Leeds ya faɗi gaskiya, kuma abin da yake tsoro mu nan ba labari ba ne. Wa bai taɓa ganin ranar da nutural ya saki a kan falwaya ba, fitilun wani fes su yi haske kamar walda, talabijin da firij su ƙone a layi guda? Wannan 'yar wayar dabara ce ta masu gudun haƙa rami, a cire ta. Amma ba kai za ka cire ba, kuma ba yau ba: sai an kafa ƙasa ta gaskiya an sa RCD, a cire ta a rana ɗaya.

Ƙasar Jos dutse ce, sanda ɗaya da wuya ta wadatar. A nemi sanduna masu rufin jan ƙarfe, a kafa a inda ƙasa ke riƙe danshi, a bar tazarar da ta kai tsawon sanda tsakaninsu, a ɗaure da maɗauri na tagulla, ba naɗi ba. Na san za a ce maka a zuba gishiri da gawayi. Mun yi shekaru muna yi, awo yana kyau a ranar, amma gishiri cin ƙarfe yake, damina biyu ta wanke shi. In za ka samu yumɓun bentonait da masu haƙa rijiyar burtsatse ke amfani da shi, ya fi. Kuma a auna da na'ura, ba da ƙwan fitila ba. A takarda, RCD mai 30 zai yi aiki ko da awon ya yi sama sosai, amma ƙa'ida ta ce abin da ya wuce om 200 ba abin dogaro ba ne. Ni ina son ƙasa da 100.

Janareta kuwa, cire shi daga lissafi. Mai 6.5kVA abin da zai ba ka na gaske kilowat 5 ne da kaɗan, jakuzin kaɗai ya fi haka. Ban da wannan, yawancin ƙananan injunan nan nutural ɗinsu a sake yake, ba a ɗaure shi da ƙasa ba, shi ya sa testa ke kamawa a wayoyin biyu. A haka RCD zai iya zama bai ga yoyon farko ba. Ana gyara wannan, amma ba aikin yaro ba ne. Inbata kuwa ko a mafarki. A ɗauki layin jakuzin daga ɓangaren wutar layi, kafin makashin canji. An ɗauke wuta, ruwa yana nan da zafinsa, Hajiya ta ƙarasa ta fito.

Ka gaya wa yaron, cikin ruwan sanyi, RCD ba ya faɗuwa ba dalili. In ya faɗi akwai inda wuta ke yoyo, ko an haɗa nutural ɗin layi biyu. Mu ne ba ma son nema. Ka samo wanda ke da shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin lantarki, da na'urorin awo, ka bar yaron ya riƙe masa tsani ya koya.

Ɗan Tudun Jos:

Jama'a na dawo bayan sati uku, ga yadda ta kaya.

Na samu wani dattijo mai takarda, ya zo da akwatuna biyu na na'ura. Kafin ya taɓa komai ya kafa wasu 'yan ƙusoshi a ƙasa, ya ja dogayen wayoyi har bakin ƙofar gida, ya auna tsohon rodin nan don in gani da idona. Na'urar ta nuna sama da om 900. Sandar farko da suka buga ta shiga rabi ta ci karo da dutse, guduma tana dawowa kamar ana dukan maƙera. Suka koma gefen da ruwan wanke-wanke ke bi, wajen gindin gwaiba, suka samu sanduna uku suka shige. Awo ya sauko 74. Ya rubuta a jikin murfin akwatin da ranar, ya ce in kira shi a Maris lokacin da ƙasa ta bushe ƙarau a sake aunawa, wai awon damina yaudara ne.

Mun sa waya mai 10. Na kankare bakinta a shago kamar yadda Baba ya ce, mai shagon yana kallona yana murmushi, ya ce wa ya koya mini. RCD biyu muka ƙare da su, ɗaya na jakuzi, ɗaya na sauran gidan, an kuma cire 'yar wayar nan. Ya ƙara mini abin kare kaya daga tsawa, ya ce a Jos ba a barin allon kwamfuta a waje babu shi. RCD na gidan ana ɗaga shi ya faɗi. Aka sake, ya faɗi. Yaron ya kalle ni irin kallon "ai na faɗa maka". Dattijon bai ce uffan ba, ya riƙa kashe bireka ɗaya bayan ɗaya har aka tsaya a kan layin injin da ke tura ruwa tanki. Da aka tono, wayar an yi mata haɗi da tef a cikin ƙasa, ta jiƙe ta yi kore. A wurin nan jikokin Hajiya suke wasan ƙasa. Yaron da kansa ya sake jan layin, kuma jiya ya turo mini tambaya wai nawa ake sayar da na'urar awon.

RCD na jakuzin an gwada shi da na'ura, ya faɗi cikin milisakan 24. Dattijon ya nuna mini ɗan maɓallin gwaji, ya ce in danna duk farkon wata, amma in sani maɓallin lafiyar RCD kaɗai yake nunawa, bai san komai game da sandunan da ke ƙasa ba.

Kuɗin wayarin ya kusa kama kuɗin jakuzin, firiza kuma sai wata shekara. Na Bakin Kasuwa, lissafinka bai yi ƙarya ba, daren farko na tsaya gaban mita ina kallon yunit na sauka kamar ana zare mini jini.

Likitan Hajiya ya ce saboda hawan jininta kada a kai zafin digiri 40 da injin ke iya kaiwa, a tsaya 37, kada ta wuce minti goma sha biyar, kuma kullum da wani a kusa. Ranar farko ta zo da carbinta ta tsaya tana kallon ruwan yana tafasa da kumfa, ta ce ita ba za ta shiga tukunya ba. Sai da aka kashe injin iskar. Ta zauna a baki ta zura ƙafafu kawai, ƙanwata tana riƙe da ita. Kwana huɗu a haka. Ran na biyar ƙanwar ta leƙo falo ta ce Hajiya ta ce a tambaye ni, wai wannan minti goma sha biyar ɗin likita ne ya faɗa ko ni ne nake tsoron kuɗin wuta.

Saura maganar maganin ruwa, don ya fara yin wani kalar-kalar. Wanda ya san yadda ake auna sinadarin kulorin a irin wannan ya taimaka mini.